Yadda Za Ka Hana Tsohuwa Ƙarfen Dafawa da Kalma Ɗaya Tak

Kai da aka jefa cikin kwamitin gidanku don kawai ka yi tari lokacin da ake neman ɗan takara, matso nan. Zan yi maka alkawari, kuma ni ba mai yawan alkawari ba ne. In ka bi matakan nan yadda na jera su, duk buƙatar da maƙwabci ya kawo maka za ka binne ta da ranta, ba tare da "a'a" ta fito daga bakinka ko sau ɗaya ba. Har tafi za a yi maka, a ce duk unguwar babu mai kiyaye mutuncin jama'a kamarka. Babu shakka a ciki, domin an gwada, kuma ni na gwada.

Sunana Tanimu. Shekara ashirin da bakwai ina zaune a Gävle, wani gari mai sanyi a ƙasar Turawa, tara daga ciki ni ne magatakardan ƙungiyar masu gida a benenmu. Hawa huɗu ne, ƙofa goma sha shida, matakala ɗaya, babu na'urar hawa. Don haka ba labarin cikin bas nake ba ka ba. Da alƙalamina aka yi aikin.

Mataki na 1: Samo buƙatar da ko mahaukaci ba zai ƙi ba

Kada ka ɓata basirarka a kan mai son kiwon kaji a tsakar gida. Wannan kowa ma zai iya ƙin sa. Gwani a kan ƙaramar buƙata yake nuna kansa, irin wadda ta fi ruwan sha halacci.

Tamu daga Gunvor ta zo, tsohuwar hawa na uku. Shekararta tamanin da huɗu, hamsin da ɗaya daga ciki a wannan gidan ta yi su. A nan ta yi goyo, a nan mijinta ya cika, a tagar nan take jera tukwanen jajayen furanninta. Bara waccan ta samu shanyewar ɓarin jiki, ta warware, amma hannun dama ya ƙi komawa aiki. To, ƙarfen dafawa na matakalarmu gefe ɗaya yake. In za ta hau, yana wajen hannunta na hagu mai lafiya. In za ta sauko, sai ya koma wajen mataccen. Saboda haka Gunvor da baya take saukowa, hawa uku, tana laluben kowane tsani da diddige.

'Yarta Annelie ta ga haka sau ɗaya, ta ce ba za ta sake gani ba. Ta yanke wa'adi: in ba a kafa ƙarfe na biyu a jikin bango ba kafin dusar ƙanƙarar farko ta zuba, za ta ɗauke uwarta ta kai ta gidan kula da tsofaffi. Annelie ma'aikaciyar jinya ce, ba ta iya barazanar banza ba.

A watan Maris takarda ta faɗo ta ramin wasiƙun ƙofata, rubutun hagu, a karkace: "Ina roƙon a sa ƙarfe na biyu. Na yi magana da Vide, sun ce za su sa kyauta, aikin Asabar ɗaya ne. Ba na so in bar gidana."

Vide a hawa na biyu suke, aikin walda suke yi a tashar jiragen ruwa, shekarunsu arba'in da wani abu. Ba sa amsa namiji, ba sa amsa mace. A yaren ƙasar nan akwai *han* na maza, *hon* na mata, sai *hen* da ba ta nuna ko ɗaya, kuma ita ake ce wa Vide. Da Hausa zan riƙa ce musu "su", yadda muke yi wa manya, in huta. Abin lura shi ne, a takardar nan *hen* Gunvor ta rubuta, sau biyu, ko gogewa babu. Ka lura da wannan sosai, sannan ka tura takardar can ƙasan fayil. Nan gaba za ka buƙaci mantawa da ita.

Mataki na 2: Kada ka ƙi, nemo doka

Kana buƙatar shugaba irin namu. Sixten tsohon malamin tarihi ne, mai taushin murya, kuma a duniya babu abin da yake ƙauna kamar koren tayil ɗin da ke bangon matakalarmu. Tun ginin farko yake. Na sha kama shi yana shafa shi da hannun riga in ya ɗauka babu mai kallo.

Na karanta buƙatar a taron Afrilu. Sixten ya dafa ƙirji.

"Kai, Gunvor tamu! Dole mu taimaka mata. Dole. Sai dai kun san sashe na goma sha huɗu."

Sashen ya ce bangon matakala zai zauna yadda aka gina shi. Kafin a huda shi sai an gyara dokar, kuma ba a gyara dokar ƙungiya sai babban taro biyu sun amince, ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne aka kusa yin ɓarna. Majken, mataimakiyar shugaba, ta ɗauki biro ta ce abu ne mai sauƙi. A ƙara layi ɗaya: "sai dai in mamba ya buƙaci haka saboda lafiyarsa." A kaɗa ƙuri'a a taron shekara na Mayu, a kira taron musamman a Yuni, kafin hutu ƙarfe ya hau bango. Na dubi Sixten. Na ga fuskarsa ta faɗi, ya riga ya ji ƙarar injin huda a cikin kansa. Sai ya ɗago ya kalle ni.

Mataki na 3: Ɗaga hannu

Wannan shi ne zuciyar aikin, don haka ka natsu. Ɗaga hannu a hankali, kamar abin yana yi maka ciwo. Gyara murya. Sannan ka ce abin da na ce:

"Ku yi haƙuri, lafiyar*sa*? Mata fa? Waɗanda ba sa amsa ko ɗaya fa? A wannan zamanin za mu rubuta doka ta maza zalla?"

A ƙasar nan za ka iya gaya wa mutum gidansa ya kama da wuta ya ce zai duba kalandarsa, amma ka nuna masa cewa wani ya riga shi hango rashin adalci, nan take kunnuwansa za su yi ja. Majken ta ajiye biro.

"Wayyo Tanimu, ka ba ni kunya. Da hannuna na rubuta, ban ma gani ba."

Sixten kuwa fuskarsa ta washe kamar wanda aka ɗage masa ranar cire haƙori. Ya ce wannan magana ce mai zurfi, bai kamata a yi mata gaggawa ba.

Za ka tambaye ni me ya kai ni. Sixten ne mutum na farko a gidan da ya kira ni shan kofi, bayan na shekara shida ina gaida ƙofofi. Wannan ɗaya. Na biyu, ina so su gani da idonsu cewa baƙon da ya zo daga nesa ya fi su wayewa. Ga shi na faɗa, sai ka yi yadda za ka yi da ni.

Ga hikima kyauta: tambayar gaskiya ce, shi ya sa take aiki. Da shirme na tambaya, da an yi dariya an wuce. Tambaya mai kyau ma minti biyar ya isa a amsa ta, a goge kalma a sa wata. Aikinka daga yau shi ne hana minti biyar ɗin nan faruwa.

Mataki na 4: Yi magana a madadin mutane, amma kada ka kuskura ka tambaye su

Za a samu mai hankali ɗaya da zai so ya ɓata maka shiri. Majken ta ce, "To ai ga Vide nan a hawa na biyu, mu ƙwanƙwasa mu tambaya mana."

Sixten ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce haba, ai ɗora wa mutum nauyi ne. Ba daidai ba ne a sa mutum ɗaya ya zama kakakin jama'a guda don kawai yana kusa. Dole mu ilimantar da kanmu da kanmu. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni, kuma na rubuta a rahoton taro cewa kwamiti ya yanke shawarar kare Vide daga tambaya.

Daga nan sai ka juya ɗaya gefen, don kada a samu mafita ta can. Sixten ya ce kada kuma mu manta da tsofaffi. Mace kamar Gunvor, mai shekara tamanin da huɗu, in ta buɗe dokar gidanta ta ga *hen*, ai sai ta rikice, ta ji an ture ta gefe. Ashe ba don ita muke wannan aikin ba?

Takardar Gunvor tana ƙarƙashin gwiwar hannuna a lokacin. A irin wannan gaɓa, miƙa hannu ka ɗauki burodin kirfa, babba, ka cika bakinka. Babu mai sa ran jin magana daga mai tauna. Shi ya sa ba a yin taro a ƙasar nan sai da faranti a tsakiyar tebur.

Mataki na 5: Kafa ƙaramin kwamiti, ka bar wa rani sauran aikin

Mun kafa Kwamitin Nazarin Harshe Mai Haɗa Kowa. Mambobinsa Sixten, da Majken, da ni. Wato mu ɗin dai, a tebur ɗin dai, amma ranar Laraba.

Taron shekara na Mayu ya zo ya wuce, aka sanar cewa gyaran doka yana kan nazari. Da ka tsallake Mayu ka yi rabin nasara. A Yuni kowa ya fara ɗaure kaya, a Yuli ƙasar gaba ɗaya ta rufe shago ta tafi bukkar bakin tafki, a Agusta ana dawowa ana nuna wa juna hotuna. Wata uku kyauta, ko yatsa ba ka ɗaga ba.

Matsala ɗaya ce, matakalar ɗaya ce. Wata safiya a Agusta na fito na tarar da Gunvor tsakanin hawa na biyu da na farko, ta ba ƙasa baya, jakar cefane a rataye a wuya.

"Mama Gunvor, sannu da ƙoƙari."

"Ni ban haife ka ba, Tanimu. Ina ƙarfena?"

"Ana kan aiki."

"Wane irin aiki? Ƙarfe ne fa, ba jirgin sama ba."

"Akwai 'yar magana ce a kan rubutun dokar."

Ta tsaya, ƙafa ɗaya a sama ɗaya tana neman tsani. "Tsani hamsin da huɗu ne daga ƙofata zuwa waje. Da ban san adadinsu ba, shekara hamsin. Yanzu har na san wanda yake da tsaga." Ta sauke ƙafar. "Matsa, kana tare mini haske."

Ka matsa. Ka ce mata ranar ta yi kyau. Kada ka karɓi jakar, domin in ka karɓa za ku jera har ƙasa, kuma minti goma ne da ita.

Mataki na 6: In yare ɗaya ya kusa ƙarewa, shigo da sauran

A Satumba Majken ta gaji ta ce a sa *hen* kawai a wuce wurin. A nan ne za ka tuna musu cewa gidan nan ba 'yan ƙasa kaɗai ke ciki ba, kuma ana fassara dokar ga kowa. In an gyara a yare ɗaya aka bar sauran, ashe ba wariya ba ce?

Turanci ya ci mana zama biyu. Majken ta ce *they* ake cewa yanzu. Sixten ya ce to in wani ya karanta ya ɗauka sai mutane da yawa sun taru kafin a huda bango fa? Aka kawo ƙamus uku. Akwai ma'aikacin asibiti ɗan Ireland a hawa na huɗu, wanda da shi da matarsa kaɗai ke karanta kwafin Turancin, amma ka tuna mataki na huɗu.

Ilkka na hawa na farko, ɗan Finland, shi muka gayyata da kanmu, domin an ce yarensu kalma ɗaya ce ga mace da namiji. Ya zo da kayan aiki a jikinsa, ya ƙi zama.

"E, kalma ɗaya ce. Ba ta hana mu sakin aure ba, ba ta hana mu dambe ba. Shi ke nan tambayar? To ku sa wa matar nan ƙarfe, ku ji kunya."

Na rubuta cewa Ilkka ya ba da gudummawa mai muhimmanci.

Sai suka juyo kaina, suka ce yaya abin yake a yarenku? Wallahi ranar na sha ƙamshi. Na yi minti arba'in a tsaye ina bayani cewa mu ko wanda ke gabanka sai ka zaɓa, kai ko ke. Majken ta riƙe baki, Sixten yana rubutawa. Suka tafa mini, suka ce lallai a yi kwafin Hausa. Duk gidan ni kaɗai ke jin Hausa, kuma ni zan fassara, in karanta wa kaina. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a ƙasar nan, tir da ni.

Mataki na 7: In mai buƙata ta zo da kanta, ba ta kofi

Wata Laraba a Oktoba muna ɗakin taro, can ƙarƙashin ƙasa kusa da ɗakin wanki na gida inda kowa ke da lokacinsa, sai muka ji takun sanda. Gunvor ce, ta sauko hawa huɗu da baya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, ta ƙi kujerar da aka tura mata.

"An ce mini a kan kalma kuke zaune tun Afrilu. Gaskiya ne?"

Sixten ya fara bayani a kan mutunta kowa. Ta ɗaga sanda.

"Ku ce mini shi, ku ce mini ita, ku ce mini tukunya in kun ga dama. Annelie ta riga ta je ta ga ɗaki. Ta ce da ta ga fari a ƙasa za ta zo da mota."

Majken ta kwantar da kai gefe guda, irin yadda ake koya wa 'yan ƙasar nan a kwas. "Mun ji ki, Gunvor. Yadda kike ji yana da muhimmanci ƙwarai a wajenmu. Mu ma tsoronmu kada sabuwar kalmar ta dame ki."

"Wace kalma?"

"*Hen.*"

Tsohuwa ta yi tsaki mai tsawo. "Ke Majken, tun ranar da Vide suka tare a gidan nan nake faɗarta, shekara shida ke nan. Sun gaya mini sau ɗaya a bakin akwatin shara, na riƙe. Meye abin wahala a ciki?" Sai ta juyo. "Tanimu, ba ka karanta musu takardata ba?"

Kalli bironka. Juya shi. Duba ko murfin ya rufu da kyau. In kana da shugaba nagari zai cece ka, kamar yadda Sixten ya cece ni. Ya ce abin takaici wannan batu ba ya cikin ajandar yau, amma za a sa shi a zama na gaba. Majken ta zuba kofi ta miƙa mata. Gunvor ta kalli kofin, ta kalli hannunta ɗaya da ke riƙe da sanda, ta juya ta fara hawa.

Mataki na 8: Tare mai injin huda

A kowane gida akwai mutum ɗaya da ya iya aiki da hannu, kuma shi ne babban haɗarinka. Asabar ta ƙarshen Oktoba, da hantsi, na ji ƙarar ƙarfe a matakala. Vide ne, da injin huda da ma'auni, ga ƙarfen nan an yanka, an goge, an yi masa koren fenti daidai da tayil. Kafin in sa takalmi Sixten ya riga ya fito da silifas, ya manna bayansa a bango ya ware hannuwa.

"Vide, don Allah. Babu shawarar taro. In wani abu ya faru, inshora ba za ta san da mu ba."

"Abin da zai faru shi ne tsohuwa ta faɗo. Matsa, Sixten."

"Ai don ku muke wannan jinkirin! Muna so dokar ta ambace ku yadda ya dace."

Vide suka sauke injin a hankali. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba.

"Don wa? Don ni? Wata bakwai kuna amfani da sunana kuna hana ta sauka, ko sallama ba ku yi mini ba? Wa ya aike ku? Ni na ce muku ina kwana da dokar matakala a raina? Ku rubuta abin da kuka ga dama, ku rubuta jaki, in dai za a huda bangon nan yau." Suka juyo kaina. "Kai kuma magatakarda, kullum muna haɗuwa a wajen ajiye keke. Bakinka ciwo yake?"

Sixten ya ce in karanta sashe na goma sha huɗu. Na karanta, da murya mai kyau kuwa.

Vide suka ɗaga injin suka saita shi a bango, gefen kunnen Sixten. Na ce a raina yau dabara ta ƙare. Sai murya ta sauko daga hawa na uku.

"Vide, ku bari."

"Gunvor, awa biyu ne kawai."

"Na ce ku bari. Shekara hamsin da ɗaya ban taɓa wuce lokacina a ɗakin wanki da minti ɗaya ba. Ba za a ce a kaina aka karya doka a gidan nan ba. Su yi taronsu."

Vide suka janye injin daga bango. Sannan suka naɗe waya, suka saɓa ƙarfen, suka kai shi ɗakin ajiya.

Ga babban sirrin, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai kai. Dabarar nan ba ta cin ɗan iska, domin shi da tuni ya huda bangon ya ce a kai shi ƙara. Mutanen kirki kaɗai take ci, masu bin layi, masu gaskata cewa in an ce ana nazari to nazarin ake yi.

Mataki na 9: Ranar da za a tafi da ita, tsaya a bayan ƙofarka

Ƙanƙara ta zuba ranar sha tara ga Nuwamba, 'yar kaɗan, ko tayar mota ba ta rufe ba. Asabar ɗin Annelie ta zo da motar kaya.

Ka san 'yar hudar leƙe da ke jikin ƙofa, wadda muke duba ko akwai maƙwabci a matakala kafin mu fita, don kada a haɗu a rasa abin cewa. Ranar amfaninta ke nan. Na tabbata duk gidan kowa yana manne da tasa. Na ga kujera ta wuce, na ga agogon bango, na ga Vide da Ilkka sun sauko da gado. Annelie ta ce a ɗauko uwarta a kujera, tsohuwa ta ce da ƙafarta ta shigo gidan nan.

Da baya ta sauko. Da ta iso hawa na farko ta tsaya daidai ƙofata, har ina ganin farin gashin da ya leƙo daga hularta. Na ɗauke numfashi.

"Tanimu, na san kana nan. Ga inuwar ƙafarka a ƙasan ƙofa."

Kada ka motsa. In ka motsa, katako zai yi ƙara.

"Ɗakin da za a kai ni taga ɗaya ce, kuma wajen ajiye motoci take kallo, rana ba ta shiga. Vide, ku ajiye masa wannan a nan." Na ji an dire wani abu a ƙasa. "To, a gaida kwamiti."

Sai da na ji tashin mota na buɗe. Tukunyar fure ce, ja, da 'yar takarda a manne.

Mataki na 10: Yanzu kammala aikin, ka karɓi yabo

Da mai buƙata ta tafi, za ka ga ikon Allah, komai ya zo da sauƙi. A taron musamman na Disamba Majken ta karanta layin da *hen* a ciki, aka ɗaga hannu, minti huɗu. Na duba agogo. A Mayu aka sake ɗagawa. Kwafin Turanci ya ɗauki *they*, kuma har yau babu taron jama'ar da ya zo huda bango. Na Hausa yana cikin fayil ɗina, ban fara ba.

Asabar ta gaba Vide suka ɗauko ƙarfen daga ɗakin ajiya suka kafa shi. Awa biyu da minti goma, ko tayil ɗaya bai fashe ba. Sixten da kansa ya ce ashe ma ya ƙara wa bangon kyau. Ya yi jawabi a tsakar gida cewa ƙungiyarmu ta nuna ana iya tafiya tare ba a bar kowa a baya ba, ya ce kuma Tanimu ne ya fara buɗe mana ido. Aka tafa, aka yanka kek. Vide ba su zo ba, kuma tun daga ranar injin huda ba su sake amsa gaisuwata ba, sai sau ɗaya a wajen keke da suka ce, "Ta ce in tambaye ka ko furen yana raye."

Ka ga, na cika alkawari. Ba ka ce a'a ba, an tafa maka, doka ta yi kyau, har ƙarfen ma an sa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin shawararsa. Shi dai tambaya ya yi, kuma tambayar tana kan hanya, kowa ya shaida. Ba shi ya zubo da ƙanƙara ba, ba shi ya tuƙo motar kaya ba, kuma babu inda sunansa ya fito a rahoton taro sai a ƙasa, wajen sa hannu. In maƙwabcinka ya daina gaishe ka, tsakaninku ne. In ka wayi gari gwiwarka ta fara ciwo, ga sabon ƙarfe a gefenka amma ka kasa ɗora hannu a kai, kana hawa da hannu a aljihu kamar ni, likita za ka nema, kada ka neme ni. In kuma ka buɗe ƙofa ka tarar da tukunyar fure, babu ruwana da ita. Ka dai riƙa ba ta ruwa sau biyu a mako, kada ka cika, kuma ka juya ta wajen rana. Haka ta rubuta a takardar, da hannun hagu.